Surukin Gado na Bakwai

Ku huɗun nan da aka ɗauka makon jiya, na ji abin da kuka faɗa a bayan ɗakin wanki. Wai aikin tafinta zaman banza ne, Likita ya faɗa ka maimaita, mara lafiya ya faɗa ka maimaita, ko aku aka sa wa farar riga zai iya. To madalla. Ni Ladi shekarata goma sha tara, huɗu daga ciki a ɗakin masu tari na yi su, kuma shekara ɗaya a can tana cin goma na waje. Ku yi lissafi da kanku, za ku ga na girmi Sista, saura kaɗan in kamo kakar Likita. Saboda haka ku zauna ku karanta maganar tsohuwa.

Ranar da na fara, ina tafe ina taƙama da harsuna uku. Hausa ta gidan hayarmu ce a Jimeta, kusa da bakin kogi inda babana yake dako. Fulatanci wajen masu tallar nono na tsince shi. Turanci kuwa na aji bakwai ne, wanda in na saki shi ko hedimasta sai ya dafe tebur. Aka miƙa ni ga Goggo Asta, wata dattijuwa daga Yola Gari wadda ta fara tafinta tun Turawa suna nan. Ta dube ni sama da ƙasa, ta nuna mini wani tulin gwangwanaye masu murfi. A Hausar Goggo mace da namiji duk “kai” ne.

“Kai, yarinya, ka wanke waɗannan.”

“Goggo, ai ni tafinta aka ɗauke ni.”

“Yawwa. Ka fassara su da sabulu.”

Gwangwanayen kaki ne, wanda masu tari suke tofawa a ciki a kai ɗakin gwaji. Wata biyu ina ƙona abin ciki, ina dafa su a garwa, bakina da hancina ɗaure da ƙyalle. Sai daga baya na gane dalili. Mai kwashe gwangwani shi ya san wa ya fara tofar da jini, wa ya daina, wa kuma yake zuba ruwan randa a nasa don a sallame shi ya tafi gona. Kafin Likita ya tambaya, ke kin riga kin san rabin amsar.

Kayan aikinmu ba su da yawa. Akwai gwangwanin nan, akwai sikeli na ranar Juma'a, akwai kati a ƙafar gado, akwai guntun ƙarfe da ke rataye a jikin bishiyar dogon yaro, wanda ake bugawa ƙarfe takwas na safe don shan magani. Sai kuma 'yar kujerar tsugunno ta Goggo. Ba ta taɓa yi wa mara lafiya magana a tsaye ba. Ta ce wanda aka tsaya a kansa “to” kawai zai ce, ko da cewa aka yi za a yanke masa kunne.

Wani mahauci daga kasuwar Jimeta shi ne na farko da aka bar ni na fassara wa. Likitanmu na lokacin Ba'indiye ne, mutum mai kirki amma mai sauri, kamar kullum ya bar tukunya a wuta. Ya ɗaga hoton ƙirjin mutumin, ya yi magana gajeriya. Ni kuma na juya na ce, “Malam, tarin fuka ne da kai, huhunka ya ɓule, za ka sha magani wata goma sha takwas.” Ban rage ba, ban ƙara ba. Mutumin ya ce “to,” ya ce zai kewaya, da an bar shi da har yau yana can yana kewayawa. Goggo ce ta ja ni muka bi shi har gida bayan kwana uku ta lallaso shi.

A hanya ta koya mini jerin maganar. Ba a ɓoye sunan ciwon, amma ba da shi ake buɗe baki ba. Ki fara da cewa abin da ke damunsa an san shi, kuma akwai magani. Ki bari ya haɗiye wannan. Sannan ki faɗi sunan. Sannan ki yi shiru, don a nan ne zai tambaye ki abin da ke ransa na gaskiya, ko matarsa za ta gudu, ko za a ware masa kwano, ko mutane za su daina sayen namansa. Kuma kada ki ce wa manomi wata goma sha takwas. Ki ce masa zai ga wannan damina, zai ga kaka, zai ga rani, sai damina ta sake zagayowa ta wuce. Ki gaya masa tun yau cewa kafin a yi girbi zai ji garau, kuma wannan garau ɗin maƙaryaci ne, wanda ya daina magani a kansa da ƙafarsa zai dawo, ko a ɗauko shi.

Wani masunci daga Numan ya ƙi tofa kaki sam. Sista ta yi faɗa, Likita ya zana masa huhu a takarda, shi dai ya rufe baki kamar an ɗinke. Goggo ta ja kujerarta, suka yi hirar kifi har na fara gyangyaɗi. Can sai ya ce, to in an gama dubawa, wa yake ajiye yawun? Tsoronsa kada ya faɗa hannun maƙiyi a yi masa asiri da shi. Washegari Goggo ta sa na kai shi bayan asibiti ya ga yadda nake ƙonawa. Daga ranar gwangwani ɗaya ba ya isar sa.

Yanzu bari in ba ku labarin muguwar shekara, ita ce ta biyu da fara aikina. Yaƙin basasa ya hana jiragen ruwa hawowa da kaya kamar yadda suka saba in kogi ya cika, hanyar mota kuma sai addu'a. Allura ta ƙare ƙaf. Ƙwayoyi kawai suka rage, su ma a tafin hannu ake rabawa. Ma'aikata da yawa sun koma garuruwansu, Sista ɗaya ta rage ga ɗakin maza da na mata. Gado kuwa ya zama zinariya, mutane kwance a baranda kan tabarma suna jiran wani ya tashi. Likita ya kafa doka: wanda aka ga magani ba ya yi masa aiki, za a sallame shi a ba wani gadon. Ana cikin haka 'yar Goggo ta haihu a Girei, ta ƙetare kogi zaman jego, aka bar ni ni kaɗai da harsuna ukuna.

Da can Sista ce take tsayawa a kan kowa har ya haɗiye magani. Yanzu ba hali. Sai ni mai wayo na kawo dabara: kowane mai jinya ya zama ɗan sandan mara lafiyarsa, ya zauna a gabansa, ya ga ya haɗiye, in na zagayo ya ba ni rahoto. Sista ta yaba mini. Don kuma kada a yi mini wasa da lokaci, na tsaya tsakiyar ɗaki na yi shela da Hausa, na sake da Fulatanci.

“Jama'a, maganin nan na Bature ne, ya san agogo. Ana buga ƙarfe a sha shi nan take a gaban shaida. Wanda ya bari lokaci ya wuce ya sha daga baya, ya zama guba. Akwai wanda ya gwada bara, kafin azahar cikinsa ya kai rufin ɗaki.”

'Yan gari suka yi dariya, sun san bakina. Ban lura da cewa akwai wanda bai yi dariya ba.

Shi ne Baffa Hammadu, mai gado na bakwai, wani dogon dattijo makiyayi daga wajen Damare. A kwalekwale aka ƙetaro da shi. 'Ya'yansa maza sun yi nisa da shanu, 'yarsa tana da jariri, ba a barin mai goyo ta shigo ɗakinmu. Saboda haka mijinta, Buba, shi ya zo jinya. Na san surukinsa ne, an gaya mini tun ranar farko, ban ɗauke shi komai ba. A gidanmu babana da mijin yayata tire ɗaya suke ci, har da kokawar tsoka.

Na kama Buba na dasa shi a gaban gadon. “Hamma Buba, nan ne wurinka. Ko gobara aka yi kada ka ɗaga sai ya sha. Abinci ma in an kawo ka tsare shi ya ci, tsofaffin nan sai da ido.”

Ya sunkuyar da kai ya ce, “To.”

Kullum in na zagayo in ce, “Ya sha?” Buba ya dubi ƙasa ya ce, “E.” In Likita ya zo zagaye ya ce in tambayi tsohon yaya ƙirji, Baffa ya ce, “Jam,” wato lafiya. Akwai jini? “Jam.” Zazzaɓi fa? “Jam kawai.” Ni kuwa in juya in ce wa Likita ya ce lafiya lau. Amma gwangwaninsa ba jam yake cewa ba, sikeli ma haka. Juma'ar farko ya ragu, ta biyu ya ragu, ta uku sai da muka riƙe shi a kan sikelin kada iska ta ɗauke shi.

Likita ya daɗe yana duban katin. Ya ce maganin ba ya kama shi, irin ciwon nan ne mai taurin kai da sai allura, allura kuwa babu. Ranar Litinin a sallame shi, akwai wani malamin makaranta a baranda da ya fi mako biyu yana jira. Kun san ma'anar wannan sallama. Tsoho ya koma Damare ba magani, ya kwanta a gidan da jariri yake, yana tari. Likita ya ce in gaya masa. Na ce sai gobe, don ban san ta inda zan fara jerin maganar ba, babu “akwai magani” da zan buɗe da shi.

Ranar Asabar da safe sai ga Goggo Asta ta dawo, da ƙullin kayanta a ka. Ko ajiyewa ba ta yi ba ta tsaya a bakin ƙofa tana kallon ɗakin. Aka buga ƙarfe. Ta ga Sista ta sa wa Baffa ƙwaya a hannu ta wuce. Ta ga Buba durƙushe a gaban gado, takalminsa can bakin baranda, fuskarsa a juye wajen bango. Ta yafito ni da yatsa ɗaya.

“Wancan yaron, mene ne shi a wurin tsohon?”

“Mijin 'yarsa ne.”

“Wa ya zaunar da shi a nan?”

“Ni ce, Goggo. Sabon tsari ne, har Sista ta ce ina da ƙwaƙwalwa.”

“Ƙwaƙwalwar kifi. Tun yaushe?”

“Mako uku.”

Ta yi salati, ta sauke ƙullin a hankali. “Ladi, ka taɓa ganin Bafulatanin daji ya kai loma baki a gaban surukinsa? Ko ruwa? Ka taɓa jin ya ce wayyo surukinsa yana ji? Shi kuma yaron, da wane ido zai kalli bakin uban matarsa, da wane baki zai ce maka bai sha ba?”

Na ce, “To ai Buba yana fita salla, yana kewayawa. Me ya hana ya sha a lokacin?”

“Shi za mu tambaya. Ka ɗauko kujera.”

Ku lura da yadda ta yi, don a nan aikin yake. Ba ta ce wa Buba ya yi laifi ba, ba ta ambaci kunya ba. Ta gaishe shi, ta tambayi mai jego da jariri, sannan ta ce ana son tsohon ya riƙa shan madarar shanu sabuwa kullum, kuma ba wanda za a amince wa ya kawo sai shi. Ya ƙetare yanzu, ya kwana gida, gobe ya zo da ita da hantsi, ya ajiye wajen dogon yaro. Ban taɓa ganin mutum ya sa takalmi da sauri irin na ranar ba.

Muka ja labule. Goggo ta zauna, ni na durƙusa. Ta yi gaisuwa doguwa, shanu, ruwa, ciyawa, har sai da na ji kamar in yi ihu. Sannan ta zuba ruwa a moɗa ta ajiye kusa da shi, ta juya tana gyara ɗankwalinta. Ya shanye moɗar nan tas. Ta sake cikawa, ya sake shanyewa.

“Baffa, ƙirjin fa?”

Ya ɗora hannu a haƙarƙarinsa na dama. “Nan, kamar an kafa mashi. In na kwanta ta nan ba na iya numfashi. Jini kuma kullum da asuba.”

Mako uku ina tambaya ban sami wannan ba.

“Maganin fa?”

Ya jawo jelar rawaninsa daga ƙarƙashin matashi, ya kwance wani ƙulli. Ga su nan, ƙwayoyin mako uku cur, har da na safiyar ranar.

“Yaron yana zaune, ban iya ba,” in ji shi. “In ya fita kuma lokaci ya wuce. Yarinyar nan ta ce ya zama guba.”

Goggo ta juyo ta dube ni. Da ƙasa tana da ƙofa da na shige na kulle.

“To me ya sa ba ka zubar ba, Baffa?”

“Akwai yara masu wasa a bayan taga, akwai awaki. Na ce kada wani ya tsinta.”

Abincin ma haka. Sai in Buba ya fita salla yake yin loma biyu uku da sauri, ya rufe kwano kafin ya dawo.

Na matso na ce, “Baffa, ƙarya na yi. Maganin bai san agogo ba. Ba ya zama guba, ba wanda cikinsa ya kai rufi. Na faɗa ne don a ji tsoro.”

Ya dube ni ya daɗe. “Ke 'yar wa ce?”

Na faɗi sunan babana.

“Allah ya ba shi haƙuri,” in ji shi. Sannan ya tattaro ƙwayoyin duka a tafinsa. “To in haɗiye su yanzu in rama?”

Ni da Goggo muka yi tsalle tare muka riƙe hannun. Na ranar kawai ya sha, sauran aka miƙa wa Sista.

Saura Likita, kuma Goggo ta ce wannan nawa ne, tunda Turancina yana sa hedimasta dafe tebur. Na karɓo ƙwayoyin wajen Sista, na same shi a ofis, na ajiye masa su a kan tebur. Na ce maganin bai gaza ba, ba a sha shi ba ne, kuma ni ce sanadi. Ya ce me ya sa mutum zai ƙi shan magani don wani yana zaune? Na rasa Turancin fulako, wannan kunyar ta Fulani. Sai na ce, “Likita, a ƙasarku babu wanda ba ka iya cin abinci a gabansa?” Ya ajiye alƙalami. Ya ce mahaifiyarsa har ta rasu ba ta taɓa cin abinci a gaban uban mijinta ba, ko fuskarta bai taɓa gani ba. Sannan ya yi mini faɗan da har yau kunnena na hagu bai gama warkewa ba. Da ya gama ya ce Juma'a biyu. In sikeli bai motsa ba, ba ruwansa da surukin kowa, za a ba da gadon. Malamin makarantar kuwa aka fara ba shi magani a baranda, aka kafa masa gadon sojoji a lungu.

A ranar na sake tsayawa tsakiyar ɗaki na janye shelata da harsuna biyu. Wani tela mai gado na uku ya ce, “Ashe har ke kina da ranar gaskiya, Ladi? A rubuta a kati!” Aka yi ta dariya ana tari. Daga nan kuma kowane mai jinya sai na tambaye shi mene ne shi a wurin mara lafiya kafin in ba shi wurin zama. Na sami wani ɗan fari da shi ma ubansa ba ya iya ci a gabansa, na canja shi da ƙaninsa.

Kullum da hantsi Buba ya iso da gorar madara ya ajiye a gindin dogon yaro, ni in dafa in kai. Ya gaida tsohon daga bayan taga, ya koma. Baffa kuwa ya buɗe ciki. Tuwo, kunu, madara, har ya fara leƙen kwanon gado na takwas. Juma'ar farko sikeli ya tsaya inda yake, bai hau ba bai sauka ba. Juma'a ta biyu na share sikelin da gefen zanena har sau uku. Baffa ya hau da ƙafarsa, ba wanda ya riƙe shi. Sista ta tura ƙarfen awon, ta sake turawa. Ya ƙaru da laba uku. Likita ya duba gwangwani, ya saurari ƙirji, ya rubuta a kati ya mayar ƙafar gado na bakwai, ya wuce gado na takwas.

Na fita da gudu wajen dogon yaro. Buba yana tsaye da gorarsa.

“Hamma Buba, an bar masa gadon!”

Ya zauna a ƙasa daɓas, ya rufe fuska da hannu yana hamdala. Goggo ta biyo ni, ta tsaya tana kallon wuyansa da ya fito daga riga kamar na zalɓe.

“Kai, Buba, makonni ukun nan da ka yi kana zaune a gabansa, kai me kake ci?”

Ya dubi ƙasa. “Yana kwance bai ci ba, Goggo. Ni in fita in ci?”

Goggo ta kama hannunsa ta miƙar da shi, ta damƙa mini.

“Ka kai shi sikeli, ka ba shi gwangwani, a ɗauki hoton ƙirjinsa. Ka sa masa tuwo a inda ba kowa. Mutum biyu ka kusa kashewa da baki ɗaya.”

Hoton ya fito fes, kakin ma babu komai. Tuwon kuwa malmala biyar ya ci, ni na kai masa, na juya baya har ya gama.